Yadda Ake Girki da Tukunyar Matsi Ba Tare da Faɗuwar Gaba Ba

A gidaje da yawa a unguwannin Aboabo da Asawase na birnin Kumasi, a Ghana, akwai wata tukunya da ke zaune a saman kabad cikin kwalinta, ba a taɓa ɗora ta a wuta ba. Wata ta zo cikin kayan aure, wata tsarabar ɗan'uwa ce daga Jamus ko Italiya. In kin tambayi mai ita dalili, sai ta ce, "Ni? Wannan bom ɗin? Ina da yara a gida." Ban ga laifinta ba. Murfin yana kullewa, ga bututu a tsakiya, ga wani ƙarfe yana rawa a kai, tana huci kamar kububuwa, kuma ba a ganin abin da ke faruwa a ciki. Sai dai duk waɗannan abubuwan da ke firgita mutane an sa su ne don tsare mai girki. Hucin da kike ji, tukunyar ce ke rage wa kanta matsi. Wadda ya kamata a ji tsoro ita ce wadda ta daɗe a kan wuta ta yi tsit.

A kasuwa firesha kuka ake ce mata, ni kuwa zan riƙa kiranta tukunyar matsi. Shekara da shekaru da ita nake dafa wake, ganda da ƙafar saniya, kuma yadda kuɗin cika tukunyar gas yake a yanzu, asara ce babba a bar ta tana shan ƙura.

Kayan da za ki tanada

Ki sauko da tukunyar da murfinta, ki duba abubuwa huɗu a jikin murfin. Na farko roba, zoben da ke zagaye cikin murfi yana hana tururi fita ta gefe. Na biyu bututun tururi, ɗan ƙarfen nan mai huda da ke tsaye a tsakiya. Na uku usur, ƙarfe mai nauyi da ake ɗorawa a kan bututun. Na huɗu bawul ɗin tsaro, ɗan ƙaramin abu a gefen bututu, wani na roba ne, wani na ƙarfe mai narkewa in zafi ya yi yawa. Sababbin tukwane suna da ƙarin wani ɗan fil kusa da mariƙi, wanda ke tasowa in matsi ya taru ya kulle murfin. In ɗaya daga cikin huɗun farko ya ɓace, kada ki ɗora tukunyar a wuta sai an sayo shi.

Bayan wannan kina buƙatar kofin awo, agogo ko wayarki, busasshen tsumma mai kauri, cokali mai yatsu, tsinken sakace, ɗan man gyaɗa, da murhun da za a iya rage masa wuta. Na gas ya fi daɗin aiki. Risho ma yana yi. Kurfoti, wato murhun gawayi, yana yi amma da dabara, zan zo kansa.

In saye za ki yi, mai lita 6 ko 7 ta ishi gidan mutum biyar zuwa shida. Ta alminiyom ta fi araha da saurin ɗaukar zafi, ta bakin ƙarfe marar tsatsa ta fi ƙarko. Ana samunsu a shagunan kayan kicin na Adum da Kejetia. Shawarata ita ce kafin ki biya ki tambayi mai shagon ko yana sayar da robarta da usur ɗinta daban. In ya ce babu, ki nemi wata, don roba ba ta wuce shekara ɗaya ko biyu in ana aiki da ita sosai. Irin na Indiya, su Prestige da Hawkins, an daɗe da saninsu a fannin nan. Ta gwanjo kuwa sai an yi taka-tsantsan: bakin tukunya ko murfi in ya lanƙwasa ko ya lotsa, ki bar ta ko da kyauta ce.

Abin da ke faruwa a ciki

Ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya ba ya wuce digiri 100, komai ƙarfin wutar da kika sa. Ƙara wuta ƙone ruwa kawai yake yi. Amma in aka tsare tururi ya taru, ruwan ba zai tafasa ba sai ya kai wajen digiri 120, kuma wannan ƙarin zafin shi ke narkar da jijiya da sauri. Da matsi ya kai iyakar da aka tsara, tururi zai ɗaga usur ya fita, usur ya koma mazauninsa. Ƙarar da kike ji ke nan. In bututun ya toshe, bawul ɗin tsaro ne zai buɗe. Wani Bafaranshe mai suna Denis Papin ne ya fara ƙera irinta a shekarar 1679, don tausasa ƙashi, kuma shi ya sa mata bawul ɗin tsaro. Ke nan tun asali aikin kai da ƙafa aka yi ta dominsa.

1. Duba bututu da roba

Wannan ne matakin da ba a tsallakewa, ko da sauri kike, ko da jiya kika wanke ta. Cire usur, ɗaga murfin ki fuskanci ƙofa ko taga, ki leƙa ta cikin bututun da ido ɗaya. Dole ki ga haske zagaye, tas. In kin ga duhu ko rabin haske, akwai abu a ciki. Yawanci ɓawon wake ne guda ɗaya, ya bushe ya manne a jikin hudar, ko ƙwayar shinkafa da ta kumbura. Sa tsinken sakace ki tura a hankali, ki zuba ruwa ki ga yana wucewa. Kada ki yi amfani da tsinken tsintsiya mai rauni, yana karyewa a ciki ya ƙara toshewa.

Sannan ki cire robar ki lanƙwasa ta tsakanin yatsunki. In tana da laushi tana komawa daidai, lafiya. In ta yi tauri, ta tsattsage ko ta saki har tana faɗowa daga murfi, ta gama aiki. Girmansu daban-daban ne, akwai ta santimita 20, 22, 24, don haka ki tafi kasuwa da tsohuwar ko da murfin gaba ɗaya. Sabuwar roba in ta hana murfi juyawa, ki shafa mata ɗan man gyaɗa da yatsa.

2. Gwaji da ruwa zalla

Ranar farko kada ki sa abinci. Zuba kofi 2 na ruwa, rufe, ki bi matakai na 4 zuwa na 6 kamar da gaske, ki bar ta minti 5 bayan ta fara huci. Ki tsaya a wurin ki saurari kukanta. In akwai wata a gidan da ke jin tsoro, Mma ko 'yar aiki, ki kira ta ta tsaya tare da ke. Rabin tsoron a nan yake fita, don kunne ya san ƙarar da zai ji gobe.

3. Zuba abinci da ruwa

Nan ne mafi yawan haɗari ke farawa, don haka zan ɗan ja magana.

Tukunyar matsi ba a cika ta. Nama da ruwansa kada su wuce kashi biyu cikin uku na zurfinta. Wake, gujjiya, shinkafa da duk abin da ke kumbura ko kumfa kada su wuce rabi, har da ruwan. Wasu tukwanen suna da layi a ciki, in babu ki auna da ido, kuma gara ki rage da ki ƙara. Kumfa ce ke hawa da ɓawo ta cusa shi cikin bututu. Duk labarin da kika ji na wake a jikin silin, ki bincika, za ki tarar an cika tukunyar ne don a gama da wuri ranar suna ko biki. In abincin na taro ne, ki dafa sau biyu. Duk da haka kin riga mai tukunyar gargajiya gamawa.

Ƙarancin ruwa ma matsala ne. Kada ya gaza kofi 1 ko da girkin na minti 10 ne, in kuma zai kai minti 40 ki sa aƙalla kofi 3. Tukunyar da ta ƙone ƙurmus tana narkar da bawul ɗin tsaro ta lalata roba. Amma kada ki yi ambaliya kamar yadda aka saba a tukunyar gargajiya, don ruwa kaɗan ne ke fita. Nama ba sai ruwa ya sha kansa ba.

Ga wake: ki tsince, ki wanke, in da hali ki jiƙa shi awa 6 ko ya kwana, ki zubar da ruwan jiƙon. Kofi 2 na wake, kofi 5 na ruwa, da babban cokali ɗaya na mai. Man yana kwantar da kumfa. Tumatir da duk abu mai tsami sai bayan ya nuna, don tsami yana hana wake laushi.

Kanwa kuwa ki ajiye ta. Na san hannu ya saba, amma aikin da take yi na tausasa wake zafi ya riga ya yi shi. Tana ƙara kumfa, tana cin alminiyom ta baƙanta shi, tana kuma lalata sinadarin bitamin B1 da ke cikin waken.

Akwai abubuwan da ba sa shiga wannan tukunya in za a rufe ta da usur: koko, kunu, tuwo, taliya, miyar kuɓewa, ayoyo da duk miya mai yauƙi. Miyar gyaɗa mai kauri tana kamawa a ƙasa ta ƙone kafin matsi ya taru, don haka ki dafa naman a tukunyar matsi, ki haɗa miyar a buɗe. Suya da mai mai yawa a rufe kuwa haramun ce a wurina. Za ki iya soya albasa da nama a cikinta a buɗe, sannan ki zuba ruwa, ki kankare abin da ya kama a ƙasa, ki rufe.

4. Rufe murfi

Murfi iri biyu ne. Mai hawa ta waje yana da alamar kibiya a murfi da wata a mariƙi: ki daidaita su, ki danna kaɗan, ki juya har mariƙin sama ya hau daidai kan na ƙasa. In ba su haɗu sak ba, ba ta rufu ba. Mai shiga ciki, irin na Hawkins, murfinsa ba zagaye yake sosai ba: ana karkata shi a zura cikin bakin tukunya, a juya, a ɗago shi ya manne da baki ta ciki, sannan a maƙala mariƙin. Da farko yana ba da wuya, amma ina son irinsa, don matsin da kansa ke danne murfin, ba ya buɗuwa sai tururi ya ƙare.

Goge bakin tukunyar kafin ki rufe. Ƙwayar shinkafa ɗaya a ƙarƙashin roba ta isa ta sa tururi ya riƙa zurarewa.

5. Wuta da lissafin lokaci

Ɗora ta a wuta mai ƙarfi, ba tare da usur ba tukuna. Harshen wuta kada ya wuce gindin tukunya ya riƙa lasar gefe, yana ƙona mariƙi. Bayan wasu mintuna tururi zai fara fita ta bututu, da farko yana yankewa, daga baya ya miƙe. Wannan shaida ce ta biyu cewa hanya a buɗe take. Sai ki riƙe usur da tsumma ki ɗora, ki danna har ya zauna. In tukunyarki irin ta zamani ce mai maɓallin juyawa a maimakon usur, ki saita shi tun farko yadda takardarta ta nuna.

Za ta yi shiru na ɗan lokaci, fil ya taso, sannan ƙara ta zo. Wata tana sakin dogon fito ta tsaya, ta sake. Wata usur ɗinta rawa yake yi ba tsayawa. Daga wannan ƙarar ta farko ake fara lissafi, kuma a nan ake rage wuta sosai. Yawancin masu koyo a nan suke kuskure: suna barin wuta a sama, tukunya ta yi ta ihu, ruwa ya ƙare, gas ya tafi a banza. Abincin ba zai ƙara saurin nuna ba, don zafin ciki ya riga ya kai iyakarsa. Abin da ake so shi ne ɗan huci a hankali, ko fito ɗaya bayan 'yan mintuna.

Ga lokutan da nake bi, daga ƙarar farko. Jiƙaƙƙen wake minti 6 zuwa 8, wanda ba a jiƙa ba 15 zuwa 20, tsohon wake da ya sha hunturu a buhu yana iya neman ƙari. Jiƙaƙƙiyar gujjiya wajen 25. Naman sa ko na akuya 20 zuwa 25. Tsohuwar kaza mai ƙwai 25 zuwa 30. Ganda da tumbi wajen 30. Ƙafar saniya 45 zuwa 50, abin da kan ci awa 3 a tukunyar gargajiya. Tukwane sun bambanta, don haka karon farko ki ɗauki ƙaramin lokacin. In bai yi ba a mayar, amma waken da ya zama fate ba ya dawowa.

Shinkafa da wake irin tamu mai launi, ga yadda nake yi. Karan dafi ba ya shiga tukunyar matsi, don ɓallinsa na iya toshe bututu. Ina tafasa shi daban, in tace jan ruwan, da shi nake dafa waken minti 5. In matsi ya sauka sai in buɗe, in zuba wankakkiyar shinkafa da gishiri, in ƙarasa da murfi na yau da kullum a ƙaramar wuta. Haka shinkafar ke fitowa warawara.

Mai kurfoti ba ta da maɓallin rage wuta, don haka da ƙara ta fara ki sauke tukunyar da tsumma, riƙe da hannu biyu ba tare da jijjigawa ba, ki kwashe fiye da rabin garwashin ko ki yayyafa masa toka, ki mayar. Ki tabbata ta zauna daram ba ta karkace ba, kuma bututun ba ya kallon hanyar da yara ke wucewa a tsakar gida. Ta lantarki kuwa da kanta take daidaita zafi, sai dai in an ɗauke wuta ana tsakiyar girki, kada ki yi kokawa da murfin. Jira fil ya sauka, ki juye abincin a wata tukunya ki ƙarasa a gas.

Kada ki ɗora ta ki tafi kasuwa ko makwabta. Ki zauna inda kunnenki ke jin ta.

6. Sauke matsi da buɗewa

Hanya mafi aminci ita ce ki kashe wuta ki ƙyale ta minti 10 zuwa 20. Fil zai faɗa da kansa. Wake, gujjiya da duk abu mai ruwa da yawa wannan ce hanyarsu, kuma nama ya fi taushi da ita.

In kina sauri, ki kai ta bakin famfo ko ki ɗebi ruwa a moɗa, ki riƙa zubawa a gefen murfi a hankali, ba a kan bututu ko bawul ba. Cikin minti ɗaya ko biyu matsin zai sauka. Wannan ta kan murhu kawai ake yi wa, ta lantarki ba a zuba mata ruwa. Hanya ta uku ita ce ɗan ɗaga usur da cokali mai yatsu tururi ya fita kaɗan-kaɗan, fuska da hannu nesa. Ba na yin haka da wake, don kumfa na biyo tururin.

Kafin ki buɗe, taɓa usur da cokali. In ya yi ko ɗan huci, da saura. In shiru, cire shi, juya murfin, ki ɗaga gefen da ke nesa da ke tukuna, tururi ya tafi can. Murfi in ya ƙi juyawa, yana gaya miki akwai matsi a ciki. Kada ki buga shi da muciya, kada ki kira mai ƙarfi ya murɗa. Buɗewar dole tana jawo ƙuna. In ta huce sarai kuma ya ƙi, cire usur iska ta shiga, ko ki ɗan ɗumama ta, zai saki.

7. In wani abu ya saɓa

Tururi yana fita ta gefen murfi: kashe wuta, bari ta huce, gyara zaman roba ko ki canja ta. Kin ji ƙaurin ƙonewa: ruwa ya ƙare, kashe nan take. Ta daɗe a wuta mai ƙarfi, fil ya taso amma babu huci ko kaɗan: bututu ya toshe. Kashe wutar, fitar da yara, kada ki taɓa usur, kada ki motsa ta, bar ta ta yi sanyi da kanta.

In bawul ɗin tsaro ya buɗe, za ki ji ƙara mai ƙarfi, tururi da romo su yi feshi. Abin da ban tsoro, amma aikinsa ya yi. Sayo sabo irin nasa a ɗaura. Na taɓa ganin tukunyar da aka toshe wa wannan ramin da noti, wata kuma an ɗora wa usur ɗinta dutse wai don ta fi saurin dafuwa. Wannan ita ce hanyar mai da tukunya bom na gaskiya. Muna da gwanayen ƙarfe a Magazin ɗin Suame, amma wannan rami ba na walda ba ne.

In tururi ya ƙona wani, a sa wurin ƙarƙashin ruwa mai sanyi yana zuba har minti 20, a cire zobe ko awarwaro kafin kumburi. Ban da ƙanƙara, ban da man goge baki, ɗanyen ƙwai ko man kaɗanya. A rufe da tsumma mai tsabta. In ƙunar ta fi tafin hannu faɗi, ko a fuska take, ko yaro ne, a tafi asibiti kai tsaye. Asibitin Komfo Anokye na da sashen masu ƙuna, lambar gaggawa kuma a Ghana 112 ce.

8. Wanki da ajiya

Cire roba da usur ki wanke kowanne daban da ruwan sabulu, ki sake leƙa bututu tun abin da ya shiga bai bushe ba. In cikin ta alminiyom ya yi baƙi, tafasa ruwa da lemun tsami a ciki a buɗe, zai washe. Kada ki bar miya mai tsami ko gishiri ta kwana a ciki, tana huhhuda alminiyom. Wajen ajiya kada ki kulle murfin. Ki kifa shi a kan tukunyar cikinsa na kallon sama, roba ta sha iska kada ta danne ta yi wari. Usur kuwa ki jefa shi cikin tukunyar, don yara na son wasa da shi, kuma na wata tukunya ba lallai nauyinsa ya dace da taki ba.